Takardar Shaidar da Mas'udu Ya Rubuta

"Ka ce wani abu mana, Mas'udu."

"Alhamdulillahi," in ji shi, da irin muryar da ake gaisuwar rasuwa da ita.

Aziza ta karɓe wayarta daga hannunsa. Suna ƙofar gidan yayarta a unguwar Damba a Gusau, shi ko babur ɗinsa bai kashe ba. Saƙon yana nan a fuskar wayar: wata jami'a a ƙasar Holan ta ɗauke ta digiri na biyu kan ƙasar noma, shekara biyu, karatu da jirgi da ɗaki da abinci duk kyauta. An ba ta zuwa Juma'a ta karɓa, ko a ba wani.

"Shi ke nan? Kai fa ka rubuta takardar..."

"Na sani, abar ƙaunata."

Shekara uku tana neman irin wannan tallafi. Wurare goma sha huɗu sun amsa mata da ladabi iri ɗaya, suna yaba ƙoƙarinta, suna yi mata fatan alheri a wani wurin. A na sha biyar aka nemi takardar shaida daga malamin da ya koyar da ita. Sawu biyar ta yi ofishin Dakta Sabiru kafin ya ɗago kai ya faɗa mata abin da yake faɗa wa kowa: "Je ki rubuto da kanki, ki kawo in sa hannu."

Ta kasa. A gidansu yabon kai ƙanen rashin kunya ne. Sai ta kai wa Mas'udu, malamin Turanci a wata sakandare a Bungudu, wanda ya shekara huɗu yana zuwa zance yana yi mata bayanin tsadar taki, bai taɓa turo magabatansa ba. Ya rubuta shafi biyu a zama ɗaya. Dakta ya sa hannu bai karanta ba.

"To me ya ɓata maka fuska?"

"Na ɗauka... za su ƙi ki kamar sauran."

"Wato ka taimake ni ne don ka tabbata ba zan samu ba?"

"A'a. E. Ban sani ba, Aziza. Na so ki samu, ban so ki tafi ba."

"Ai abu ɗaya ne."

"Yanzu na lura."

Ta shige gida ba sallama. Ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya, sai ta yi duka biyun a bayan ƙyaure.

Ranar Laraba ta tafi Tsafe wurin mahaifinta, Alhaji Ummaru, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma. Ya saurare ta har ƙarshe.

"Ɗiya mace, ba aure, ƙasar da ban san ko mai shago ba? A'a."

"Baba, tallafin na mutum ɗaya ne, ba su ɗaukar miji..."

"Ban ce ki sa miji a jaka ba. Aure na ce."

Tana share hawaye ya miƙo hannu a ba shi takardun, don hannun da ya saba da fayil ba ya ganin takarda ya ƙyale. Ya sa tabarau. Da ya zo kan takardar shaidar, sai ya karanta ta sau biyu.

"Wa ya rubuta wagga?"

"Dakta Sabiru, Baba."

"Aziza. Shekara talatin ina rubuta wa ma'aikata takardar shaida. Layi huɗu ce: yana da ƙwazo, yana da ladabi, ba ya makara, ban san shi da aibu ba. Wanga Dakta ya san kina cire takalmi in za ki shiga gonar kakarki a Kucheri. Ya san kina shinshina ƙasa kafin ki auna ta. Wanda ya rubuta wannan ko ubanki ne ko mai son aurenki. Ni kuwa ban rubuta ba. Kira min shi."

Washegari da hantsi Mas'udu ya durƙusa a bakin tabarma. Aziza tana bayan labule.

"Malam, abin da ka rubuta, gaskiya ne ko ƙarya?"

"Gaskiya ne, Baba."

"To ka san duk wannan, ka gaya wa Turawa, ni ba ka turo min kowa ba?"

"Ina jiran in ƙarasa gini ne... Kuma Baba, in na aure ta yanzu, tafiya za ta yi."

"Haka ne."

"In ban aure ta ba..."

"Tana nan Gusau, kusa da kai, kamar yadda kake so. Kullum ka zo zance ta dube ka ta tuna Holan. Gobe Juma'a. Zaɓi."

Mas'udu ya dubi tabarma. Ya ga cewa hanya ɗaya ce ta riƙe ta kusa da shi, ita ce ya ci gaba da yin abin da ya fi iyawa, wato shiru. Aziza ta fid da rai, ta saki labulen ta juya.

"Baba," muryarsa ta iso ta, "kawuna zai iso kafin la'asar."

A garinsu Kwatarkwashi mahaifiyarsa ta ce ita dai ba ta taɓa jin amaryar da ake kaiwa filin jirgi maimakon ɗaki ba, amma ta aika a sayo goro.

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Rabin mutanen suka yi wa ango murna, rabi suka ba shi haƙuri, shi kuma ya amsa wa kowa da amin.

Da yamma ya same ta a ɗakin mahaifiyarta, wayar a cinyarta, lalle bai gama bushewa a hannunta ba.

"Ba ki amsa musu ba?"

"Na kasa. Yanzu da na same ka, ba na son tafiya... kuma ina so."

"Na san ciwon. Ni na fara kamuwa."

"Za ka jira ni, masoyina? Shekara biyu fa."

"Ke huɗu kika jira, ni ina nan tafiyar rabin sa'a."

Ya kama yatsarta ɗaya da lallen bai taɓa ba, ya ɗora a kan wayar, daidai wurin karɓa. Hawayensa ne suka fara sauka.

"Danna, matata," ya ce, "kafin in dawo hayyacina."

Ta danna.