Katako Kafin Bututu

Ranar da aka fara jifan, Bilkisu tana tankaɗe a ƙofar kicin. An kira magariba a masallacin Bin Omran, layin ya yi tsit, zafin Doha kuwa yana nan bai tafi da rana ba. Sai wani ɗan dutse ya faɗo cikin rariyar. Ta ɗaga kai, ba ta ga kowa a saman bene ba, sai sabon ɗakin da mijinta Sunusi ya gyara wa 'yarsu Sahadatu. Dutse na biyu ya sauka a murfin tukunya. Ta ɗauka, ta yar da sauri, domin a jiƙe yake, kuma da zafi.

Ɗakin nan asalinsa na shirgi ne, a ƙarƙashin rufin kwano, kusa da tankin ruwa. Sunusi direba ne, ya daɗe yana tuƙa kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, shi ya ba shi ɓangaren tsohon gidan ya zauna da iyalinsa. Ɗaki ɗaya ne, Sahadatu ta zama budurwa, labule kaɗai ke tsakaninta da gadon iyayenta. Da aka ba shi izinin gyara na saman, har da ɗan banɗaki, Sunusi ya kasa zama wuri ɗaya. Mutumin kirki ne, amma ba a halicce shi da jira ba. Ko shayi a tsaye yake sha.

Manasseh, mai aikin famfo ɗan Kafanchan, ya hau ya duba wurin, ya ce, "Oga, bari in fara shimfiɗa bututu a ƙasa, na shiga da na fita, mu gwada mu ga ba ya yoyo. Sannan kafinta ya rufe da katako. In ya riga ni, ba ni da hanya."

Sunusi ya ce to. Amma kamfani ya tura Manasseh aiki wajen gari, shi kuma Ɗantala kafinta Juma'a kawai yake samun sarari, ga katako a jibge. Sunusi ya dubi katakon, ya dubi Ɗantala, ya ce, "Yalla, buga kawai. Mai famfo zai san dabara."

Da Manasseh ya dawo, ya tarar an rufe ƙasa, an rufe bango, har an shafa fenti. Ya ce zaɓi biyu ne. Ko dai a ɓaɓɓalle katakon, ko a kai bututun wani wuri. Sunusi ya ce ba zai iya kallon ana zare ƙusa ko ɗaya ba. Sai aka huda bango, aka bi da bututun fitar ruwa ta bayan tanki, zuwa wani tsohon rami a lungun da ba mai shiga. Bayan an tashi aiki suka gwada, daidai faɗuwar rana. Ruwan tankin Doha lokacin zafi yana iya saɓule fata. Ko yaro a gida ya san ba a sheƙa ruwan zafi a ƙasa da magariba ba tare da bisimilla ba. Sunusi ma ya sani, amma yana tsaye yana murna ruwa ya wuce, bai tuna ba.

Bayan jifa, famfon saman ya fara buɗe kansa. In aka kara kunne a bututun, sai a ji wani siririn kuka can ciki. Bilkisu ta hana Sahadatu kwana a ɗakin, amma an makara. Wata magariba yarinyar ta hau ɗauko hijabinta, ta sauko tana jan ƙafar hagu, ta zauna a ƙasa ta zuba wa bango ido. Aka kira sunanta, ba ta waiwayo ba. A asibiti aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka ce ba a ga komai ba. Sunusi ya dawo da ita a kafaɗa, tsoro ya cika shi, ya rasa wanda zai kai wa ƙara.

Malam Abdul-Majeed mai gadi ne a kasuwar Abu Hamour, mahaddaci, an san shi da ruƙiyya. Ya zo bayan la'asar da kayan gadinsa a jiki, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu a hankali. Har hasken taga ya dushe ba ta motsa ba. Can sai bakinta ya buɗe, muryar wata babbar mace ta fito.

"Ya isa."

Malam ya ce, "Wace ce ke, me kike nema a jikinta?"

"Mun riga tankin zama a saman nan. Kuka kwashe shirgi, muka yi shiru. Muka ji mai famfo ya ce ruwa ta ƙarƙashin katako zai bi, sai muka bar muku ɗakin duka, na kwashe 'ya'yana zuwa bayan tanki. Can kuka biyo mu da ruwan zafi. Ƙaramin yana barci a ramin."

Bilkisu ta toshe bakinta da mayafi. Sunusi ya sunkuyar da kai.

"Yarinyar ba ita ta zuba ba," in ji Malam.

"Shi ma ɗana bai buga ƙusa ba."

Sunusi ya rarrafo gaba. "Baiwar Allah, ni ne. Ni na ce a buga. Ki kama ni, ki sake ta."

"In na kama ka, jikinka ne zai yi ciwo. Ni ba jikina ke ciwo ba."

Malam ya ɗaga murya da karatu, jikin Sahadatu ya shiga karkarwa, matar ta yi ta nishi. Daga ƙarshe ta ce a dakata. A ɓalle katakon, a mayar da bututu inda aka ce tun farko, a toshe ramin, ita kuma za ta sakar wa yarinyar hankalinta da harshenta.

"Ƙafar fa?" in ji Malam.

"Ranar da ɗana ya taka ƙasa, za ta taka."

Malam ya ci gaba har muryarsa ta dishe, amma ba ta ƙara ko kalma ba. Sahadatu ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce, "Umma, ƙishirwa." Aka ba ta ruwa, aka ɗaga ta tsaye, ƙafar ta lanƙwashe. Malam ya share gumi, ya ce, "Malam Sunusi, iyakar abin da Allah ya ba ni ke nan. Sai addu'a."

Juma'ar da ta biyo baya Ɗantala ya zare ƙusoshinsa, Manasseh ya shimfiɗa bututu a inda ya ce tun farko, ruwa ya wuce ba ɗigo. Jifa ya tsaya. Sahadatu ta koma bayan labulenta, da sanda a gefen katifa.

Yanzu kullum in an idar da magariba, Sunusi yakan zauna a ƙasan matakala, ya kashe wayarsa, ya kasa kunne. Yana roƙon Allah ya ba ɗan aljana lafiya, ya ji takun ƙananan ƙafafu a saman katako. Har yau bai ji ba.