Alwalar Ilyasu

Takardar gonar ba ta cikin gafakar.

Nassirou ya buɗe Alƙur'anin da yake ajiye ta a ciki har sau uku. A gabansu kuwa balangun da suka taso tun daga Magaria don ci yana hucewa a kan tire, cikin rumfar wani mai gashi a Dungass.

Su huɗu suka zo cikin mota ɗaya: Nassirou, da Dogo ɗan kasuwa mai motar, da Mushe Ilyasu malamin lekol, wato makarantar boko, da Zouera, wadda yanzu jandarma ce. Ta biyar, wadda suka tarar a Dungass, ita ce Nabila, matar abokinsu marigayi Mansur. Aji ɗaya suka yi dukansu. Tun Mansur yana kwance ya ba Nassirou amanar takardar, ga shi ranar Litinin wan marigayin zai tsaya gaban alƙali ya ce gonar tasa ce. In babu takarda, Nabila da 'ya'yanta uku ba su da inda za su zuba iri bana.

"Kowa ya zauna," in ji Zouera. Murya ce da ba su san ta da ita ba. "Nassirou, yaushe rabonka da ita?"

"A Dantchiao, bayan mun yi la'asar. Wallahi da idona na gan ta."

"Daga nan fa?"

"Na mayar da gafakar cikin jaka, ƙarƙashin riguna. Yanzu na same ta a bisa, an naɗe igiyarta tsaf."

Tsayawa ɗaya suka yi bayan Dantchiao, inda mota ta kafe cikin rairayi. Zouera da kanta ta hau tudu neman reson waya don ta kira Nabila, ta kusa minti arba'in ba ta ganin motar.

"Dogo, ina ka tafi?"

"Rugar can, aron fartanya. Kada ki kalle ni haka, 'yar nan, ni na koya miki tuƙa babur!"

"Kana ciniki da wan Mansur."

"Ina ciniki da rabin Dungass. Sai in ci marayu?"

"Nuna hannunka."

Ya miƙa. Baƙin man mota ya shiga har ƙarƙashin farce. Tun a Dantchiao yake fama da injin, sabulu bai fitar ba. Zouera ta sa Nassirou ya juya shafukan a gaban fitila. Fari tas.

Shi Nassirou rassa ya je sarowa don a shimfiɗa wa tayoyi, ga ƙarangiya nan har gwiwar wandonsa. Kuma mai son ɓatar da takarda, shekara biyu tana ɗakinsa, me zai sa ya jira sai yana cikin shaidu?

"Mushe, kai fa?"

"Kaina ke ciwo," Ilyasu ya ce a hankali. "Na kwanta gindin gawo, barci ya kwashe ni. Sai da Dogo ya girgiza ni."

"Barci mai nauyi?"

"Kamar gawa."

Zouera ta so ƙwarai a ce amsar ba haka take ba. Ilyasu ne ya yi ta rubuta mata darasi lokacin da ta yi jinya a aji uku. Shi ne ya fi kowa kuka ranar da aka rufe Mansur.

"Dogo, butar da ka cika a Dantchiao don injin, yaya ka same ta?"

"Rabi. Har na yi mita, na ce wa ya sha mini ruwa?"

"Da aka kira magariba ɗazu, kowa ya nemi ruwan alwala. Mutum ɗaya ya ce yana da tasa." Ta juya. "Mushe, kai ka fi mu karatu. Wanda ya yi barci kamar gawa, alwalarsa tana nan?"

Mai gashi ya daina kaɗa wuta.

"Ba ka yi barci ba. Ka jira muka watse. Ka san takardar tana cikin Littafi, kai kuwa ba ka taɓa Littafi ba tare da tsarki ba, sai ka ɗauki buta ka sabunta alwala. Ka cire takarda, ka naɗe igiya da ladabi, zuciyarka ta ƙi yarda ka tura Alƙur'ani ƙarƙashin tufafi, ka ɗora shi a bisa. Ɓarawon banza ba zai yi haka ba. Ka ji tsoron taɓa Littafi babu alwala, Ilyasu, ba ka ji tsoron abin da ya ce a kan dukiyar maraya ba."

Ilyasu ya cire hularsa. Takardar tana ciki, an ninke ta huɗu, gumi ya ɗan jiƙa gefenta.

"Nawa wan Mansur ya ba ka?" Dogo ya daka tsawa.

"Ko dala." Bai kalli kowa ba sai Nabila. "Shekara ashirin ina sonki, ina tsaye a bayan Mansur. Ya tafi, kika ce gonarki ta ishe ki, ba ki bukatar kowa. Na ce in gonar ta tafi, ko za ki waiwayo."

Nabila ta karɓi takardar, ta shafe gumin da bakin mayafinta, ta miƙa wa Zouera.

"Malam Ilyasu, ka san dalilin da ya sa na ce a haɗu yau?" ta ce. "Wancan watan Nassirou ya tambaye ni, in zan sake aure, wa zan yarda ya riƙe 'ya'yan Mansur. Sunanka na faɗa. Yau zai gaya maka, bayan an ci."

Nassirou ya sunkuyar da kai.

"Za ki kai ƙara?" Zouera ta tambaya.

"A'a. Ku dai mayar da shi gida."

Ta sa aka ƙunshe mata rabonta na nama don yara, ta sa takalmi ta fita. Sauran ya sandare a tire, kitse ya yi fari a kai. A hanyar komawa Ilyasu ya zauna a kujerar baya, Nassirou ya matsa jikin ƙofa, ya ɗora gafakar a kan cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu har Magaria.