Layin da Auta Ta Ƙi Gogewa

Ana gab da magariba manaja ya tura Auta ɗakin na'urori ta duba sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da imel ɗin ofis, kafin ta tashi. Aikin ba wuya. Yayanta ne ya rubuta tsarin, shi ya koya mata sana'ar: ka jera sunayen ma'aikata, na'ura ta buɗe wa kowa akwatin saƙo, in wani abu ya goce ta mayar da shi da kanta. A ƙarshe na'urar takan aika saƙon gwaji zuwa akwatin Yaya.

Tun da ya rasu aka ce ta cire sunansa. Ta ce to, irin to ɗin da ba ta kai zuci ba. Sau da yawa manaja ya rufe akwatin da hannunsa, na'ura ta sake buɗewa, don layin da ke ɗauke da sunansa yana nan a jerin. Kewarsa ce ta hana ta.

Ɗakin sanyi ƙalau, fankoki na gurnani. Ta danna. Tsarin ya fara aiki, rubutu ya gangaro a allo, saƙon gwaji ya fita.

Sai amsa ta shigo: "Ya iso, Auta."

Haka yake rubutawa kullum.

Ƙamshin turarensa ya danne warin ƙura da waya. Kujerar bayanta ta yi ƙara, kamar an zauna. Ta san mamaci ba ya dawowa. Ta kama addu'a, harshe ya yi nauyi.

"Auta," aka ce can ƙasa-ƙasa, daidai kunnenta. "Na gaji."

Fankokin suka tsaya cak.

"Duk na kama hanya, sai a mayar da ni. Ki sake ni. Ko kuwa ki zauna tare da ni?"

Ƙofa ta fara rufuwa a hankali.

Da sauri ta nemo layin. Ta goge. Ta danna. Ta yi tsalle ta fice da kyar, ƙofar ta cafke gefen mayafinta, ta bar mata shi.

Washegari maigadi ya miƙo mata mayafin a ninke, ya rantse a kan kujera ya same shi. Ko Yaya ne, ko wani abu ne ya ari muryarsa, Allah masani.

Ta sake gwaji. Saƙon ya dawo mata: babu mai wannan adireshi. Nan Auta ta kifa kai a tebur ta yi kukan da ta kasa yi ranar jana'iza.