Rijiyar da Ba Ta Cikin Zane

An idar da sallar magariba, gidan Mai Zane ya yi shiru irin na mutanen da suka wuni suna aiki. Matarsa tana kicin, shi yana falo, ya shimfiɗa takardar gidan wani a kan tebur yana neman inda zai saƙala banɗaki. Sana'arsa ke nan. A kawo masa fili kamar tafin hannu, ya fitar da ɗaki biyu da falo har da wurin shanya. Gidan da suke ciki ma shi ya zana, shi ya tsaya a kan gininsa, kuma duk baƙon da ya zo sai ya zagaya da shi ya nuna masa tayil da silin.

Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwano. Aka ɗan jima, wata ta biyo.

"Yaran maƙwabta ne," in ji matar daga kicin. "Allah ya shirye su."

Ta uku ba a kan kwano ta faɗo ba. A cikin ɗakin Auta ta faɗo, 'yarsu mai shekara goma sha uku, ta gangara har bakin ƙofa, alhali silin ɗin ko tsaga babu. Mai Zane ya ɗauka ya duba. A jiƙe take, da sanyi, da warin tsohon ruwa. Ya jefa ta cikin aljihu.

Daga ranar, da zarar rana ta faɗi sai abin ya tashi, kuma a ɗakin Auta kaɗai. Tsakuwa ta zubo, a ji ƙwanƙwasa daga ƙarƙashin tayil, a ji ana magana ƙasa-ƙasa ba a gane me ake cewa. Da yarinyar ta hau gado sai jikinta ya sandare, ta faɗo, ta ja ciki har falo tana nishi. Uwar ta yi tofi, ta yi hayaƙi, ta rame don kuka. Shi kuwa gogan naka sai ya ce zazzaɓi ne, ya fita sayen magani. Wallahi ya san ba zazzaɓi ba ne.

Shekara uku da suka wuce, ranar da ake haƙa harsashin gidan, an tarar da tsohuwar rijiya a kusurwar filin. Tsohon maginin da ke masa aiki ya ce, "Irin wannan ba a rufe ta da gaggawa. A yi sallama da masu wurin, a cike ta da ƙasa, a jira ta zauna. In ba haka ba a bar mata fili." Amma cikewa da jira zai kai su cikin damina, barin fili kuma zai cinye ɗaki guda, a ce Mai Zane ya kasa fitar da ɗaki biyu a filinsa. Ranar da maginin bai zo ba, ya jera katako a bakinta, ya zuba kankare siriri da guntayen rodi, daga baya tayil ya hau. Ya koma kan takarda ya goge da'irar da ya yi wa wurin. Ya ce wa kansa bayan damina zai fasa ya gyara. Damina uku ke nan, kuma matarsa ba ta taɓa jin labarin ba.

A kwana na tara uwar ta je da kanta ta kira Malam, dattijon da aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Ya iso dab da magariba, ya zauna a falo kusa da kan Auta, ya fara karatu a hankali. Can yarinyar ta buɗe ido, wata murya mai kauri, gajiyayya, ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona mu."

"Su wane ne ku? Me yarinyar nan ta yi muku?"

"Ba ta yi mana komai ba. Ka tambayi mai fensir."

Uwar ta juya ta dubi mijinta. Shi ya kafa ido a ƙasa.

"Da bakinsa zai faɗa," in ji muryar. "In bai faɗa ba, ba inda za mu."

Mai Zane ya faɗa. Ya faɗi rijiyar, ya faɗi gargaɗin maginin, ya faɗi katakon da goge zanen, muryarsa tana karyewa kamar ta yaron da aka kama. Kunya ta kama shi har ya so ƙasa ta tsage.

"A bar mana ɗakin," in ji muryar. "Mun riga shi zuwa."

"Ba za ku zauna ɗaki ɗaya da 'ya'yan mutane ba," in ji Malam. "Za a buɗe muku, a ba ku kwana uku ku kwashe, sannan a cike. Ku kuma ku saki yarinyar yanzu, kada ku dawo."

Ana fara kiran isha'i, muryar ta sake fitowa.

"Mun yarda. Dama mun gaji. Katakon ya ruɓe tun bara, mu muke tallafe da shi. Mun yi jifa, mun ƙwanƙwasa, mun jawo yarinyar daga gadon da ƙarfi, ba wanda ya ɗage gadon. Shi kuma mai fensir yana ji."

Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki. Ta dubi uwarta ta ce ƙishirwa take ji.

Da safe Mai Zane ya janye gadon shi kaɗai, ya ɗauko guduma. Bugu ɗaya ya yi, bai ma sa ƙarfi ba. Tayil huɗu suka rufta tare, daidai inda kan yarinyar yake kwanciya, sanyi da wari suka taso. Kaurin kankaren bai kai yatsa uku ba.

Matarsa ta zo bakin ramin ta durƙusa. Ta ɗauki guntun tayil ta saki. Suka tsaya suna saurare, suna saurare, sannan can ƙasa aka ji ya taɓa ruwa.

"Baban Auta," ta ce, ba ta ɗaga kai ba, "ranar da muka tare, ni na ce a sa gadon can jikin taga. Kai ka ce nan ya fi kyau da ɗakin."

Ya buɗe baki zai yi magana. Ta miƙe ta kama hannun 'yarta, suka fita tsakar gida.