Rigar Sanyi a Madain Fahd

Ranar da Zaharadden ya zo neman kome, Hikima da kanta ta buɗe masa ƙofa. Ta zuba masa gahawa, har da turo masa farantin dabino. Bawan Allah sai ya saki jiki, ya ɗauka an wuce wurin.

"Habibti... kin yafe min?"

"Sha gahawarka tukuna," in ji ta tana murmushi.

A unguwar Madain Fahd ta Jidda aka haifi Hikima, fasfonta ne kawai na Najeriya. Da suka yi aure iƙamarta, wato takardar izinin zamanta a Saudiyya, ta koma hannun Zaharadden, ya zama shi ne miji shi ne kafili mai tsaya mata a wurin hukuma. Mahaifiyarsa ta kafe sai matar ɗanta ta tare a Kaduna, Hikima kuwa ta ce ba inda za ta, Babanta na kwance ba lafiya.

Sai ya bi ta inda ya san lagonta. Ita da ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji, tun tana yarinya take burin ganin tsaunin ƙanƙara da idonta. Ya ce hutu ne na ƴan kwanaki, a wani gandun tsaunuka na Kirgizistan. Baba ma ya sa albarka, ya ce ta ɗauko masa hoto.

Har yau tana iya ganin wurin in ta rufe ido. Sun yi ta hawa a ƙafa har numfashinta ya sarƙe, sai ga ƙanƙara ta malalo tsakanin duwatsu ta daskare, a gindinta kuma tafki ne kwance, shuɗi garau. Ta tsoma hannu, yatsunta suka mutu, ta yi ta dariya haƙoranta na haɗuwa. Ya cire rigar sanyinsa ya rufa mata, ya ce da ita ba shi da kowa sai ita. A ranar ta so shi fiye da kullum, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

A filin jirgi, ranar komawa, aka ce mata bizarta khuruj niha'i ce, fita ba dawowa. Shi ya yi mata ita da hannunsa tun kafin su taso, tikitinta na Najeriya kuma yana aljihunsa duk lokacin da suke dariya a bakin tafki. A Kaduna, cikin mutanen da ba ta sani ba, aka gaya mata rasuwar Baba ta waya.

Ta raba auren a gaban alƙali, ta yi ta fafutuka har wani asibiti ya ɗauke ta aiki, ta dawo Jidda da iƙamar kanta.

Yanzu ga shi ya dawo yana hawaye, ya rame, kuma ta san da gaske yake. Ta ce ya je ya ga yayanta Gwadabe. Ta ce ya gayyato abokan aikinsa na unguwar masana'antu ta Jidda, kar ya bar ko ɗaya, don ba ta son auren ɓoye.

Ranar ɗaurin aure falo ya cika maƙil. Tunda ba budurwa ba ce, malam ya ce sai ya ji amincewarta daga bakinta. Ya matsa jikin labule ya tambaya.

"Ban yarda ba."

Zaharadden ya miƙe tsaye.

"Hikima... don Allah, ki tuna tafkin nan..."

"Ina tune da shi. Kai ma ka tuna abin da ke aljihunka a ranar." Ta turo wani ƙulli ta ƙarƙashin labule. "Ga rigarka. Halas, shi ke nan, Zaharadden. Wannan fitar taka ma ba dawowa."

Ya fita cikin ranar Jidda rungume da rigar sanyi, abokansa na kawar da kai.

Ta zaci za ta ji daɗi, kuma ta ji, na ɗan lokaci. Da gidan ya watse ta shiga ɗakin Baba ta zauna a bakin gadonsa. Ta buɗe hoton tafkin a wayarta, ta juya shi wajen matashin da ba kowa a kai.

"Ga shi na kawo maka, Baba," ta ce, kuka ya ƙwace mata.