Tukwicin Uwar Fure

Aikin Awadiyya a ɗakin gwajin tsirrai na unguwar Mohandessin shi ne yayyanka wani fure mai wuyar samu, dangin abarba, kowane yanki ya tsira a kwalbarsa. Ɗakin ba taga. Ran nan fitilu na mutuwa da azahar, ɗakin ya koma dare.

Sai ta ji warin jiƙaƙƙen daji. Ga wata mata tsakanin kantoci, gashinta na ɗigar ruwa.

"Ɗa ɗaya gare ni, kin mayar mini da shi ɗari huɗu," in ji matar. "Ke ma 'yarki ɗaya, ko? Yaba kyauta tukwici."

Fitilu suka dawo. A kwalbar farko akwai ɗan yatsa mai jan lallen da Awadiyya ta ƙunsa wa 'yarta Tasneem jiya, har ya fara saiwa.