Sanduna Biyu a Tsakiyar Fili

"Ka ci abincin nan tun da zafinsa, Cordell! Kada in dawo in tarar da shi yadda na bari, irin na jiya."

"To, Gwaggo."

"To Gwaggo, to Gwaggo! Kullum to, kullum kwano cike!"

Gwaggo Odessa ta ɗaure igiyar takalminta, ta rataya jaka, ta nufi masana'antar kaji inda take aiki. Ita ta raini Cordell Pettway tun rasuwar iyayensa, ba shi da kowa sai ita. Ƙofa na rufuwa gidan ya yi tsit, sai ƙarar firiji. Cordell na kwance a doguwar kujera, ƙafar hagu bisa matashin kai, yana ta kallon wayar da ta daina ƙara.

Kai, duniya! Wannan yaron ne fa wanda in ya danna ƙwallo a hammata ya zura da gudu, duk filin jami'armu sai ya miƙe tsaye. Mu nan jihar Alabama, ranar Asabar ta ƙwallo ce, irin tamu da ake runguma a hannu a ruga, Lahadi ta coci, kuma wasu ba su san wadda ta fi ba. A farkon kakar wasa ta shekararsa ta ƙarshe wani ƙato ya faɗo masa a ƙafa, ƙasusuwan ƙwauri biyu suka karye, har na bakin fili sai da suka ji ƙarar. Likitoci suka zura masa ƙarfe a cikin ƙashin. Da farko ɗakin asibiti ba masaka tsinke: koci, abokai, 'yan jarida. Sannu a hankali ƙafar masu zuwa ta ɗauke. Wani yaro ya gaji gurbinsa, aka koma kiran sunan wancan.

Duk wannan bai ci masa rai kamar zancen Lanette Boykin ba, yarinyar da yake shirin aura. Kowace Asabar rigar wasansa take sawa, kowace Lahadi bayan coci a gidansu yake cin abinci, a kujerar da ke daman mahaifinta. Tun da ya karye, ba a sake cewa ya zo ba.

Da yammacin ranar Lanette ta shigo, idanunta jajir.

"Bebi, me ya faru?"

Ta zauna a bakin kujera tana murɗa yatsu. "Dadi ya ce in dakata."

"Ki dakata da me?"

"Da kai."

Cordell ya yi wata dariya marar daɗi. "Ai dama! Da ana cewa manyan ƙungiyoyi za su ɗauke ni, ni ne ɗansa. Yanzu na zama gurgu—"

"Haba Cordell! Bai ce haka ba!"

"To me ya ce?"

"Ya ce shi ya san abin da yake tsoro. Ya ƙi faɗa min." Ta fashe da kuka. "Ba zan saɓa masa ba, kuma ba zan bar ka ba. Ka ba ni lokaci, don Allah."

Bai ji wannan ba. Abin da ya ji kawai shi ne ana ganin ya ƙare. Kuma ku sani, yaranmu na ƙwallo tun suna 'yan mitsi-mitsi abu ɗaya ake cusa musu: in ka faɗi ka tashi, in an tambaye ka ka ce ba ka ji komai ba. Wanda ya ɗingisa a gaban jama'a, ya ba da maza. Da wannan tarbiyya Cordell ya yanke shawarar da ta kusa raba shi da ƙafarsa.

Ranar Lahadi ya jira Gwaggo ta wuce taron mata, ya haɗiyi maganin kashe zafi, ya sa kwat ɗinsa, ya tuƙa mota zuwa gidan su Lanette. Likita ya ja masa kunne kada ya kuskura ya ɗora nauyi a ƙafar tukuna. Shi kuwa gogan naka ya cusa sandunan dogarawarsa a bayan mota, ya rufe, ya hau matakalar baranda da ƙafafunsa yana murmushi, haƙora a dantse.

Mista Alvin Boykin, dattijon coci, yana zaune a baranda yana kallonsa tun daga bakin titi. Ya amsa gaisuwa, ya ce a ƙara faranti. Aka yi addu'a, aka zuba soyayyen kaza da burodin masara. Gumi na tsatstsafo wa Cordell har cikin kwala.

"Ina sandunanka, yaro?"

"Na daina buƙatarsu, Yallaɓai. Likita ma mamaki yake. Kafin a rufe kaka zan koma fili."

Dattijon ya ajiye cokali. Ya ja kujerarsa baya, ya naɗe ƙafar wandonsa. Gwiwar duk tabon ɗinki ce, ta karkace. Cordell ya san tsohon ya taɓa yi wa jami'ar wasa, ya san yana ɗan ɗingishi, amma bai taɓa tambaya ba.

"Ni ma haka na ce wa kocina: na warke. Na koma fili da ɗanyen ciwo, ga sakamakon. Da ƙafar kaɗai na rasa, da sauƙi. Shekaru na yi ina jin haushin kowa, ba na aiki, ba na magana, in an ce sannu in yi faɗa. Ka tambayi uwar yarinyar nan wa ya sha wahalar." Matarsa Verna ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a farantinta. "Kai kana zaton kuɗin ƙwallo nake hange? Ina ruwana da su! Na so in ga wane irin mutum za ka zama in an raba ka da ƙwallo. Yau na gani. Wanda zai yi wa ƙafarsa ƙarya, zai yi wa 'yata."

"Dadi!" in ji Lanette.

"Na gama magana."

Cordell ya miƙe, kunya ta rufe shi, ya yi godiya ya fita. A matakalar nan ƙafar ta ce ba ta san zancen ba. Ya ji wani abu ya motsa a ciki, sai ga shi a ƙasa, Lanette na ihu. Da aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya girgiza kai: ƙusa ɗaya da ke riƙe da ƙarfen ta lanƙwashe, sai an sake aiki. Ƙwallo kuwa, bana babu, baɗi ma kada ya sa rai.

Nan ne Cordell ya san kaɗaici. Lanette ta bi maganar mahaifinta, ta daina zuwa. Gwaggo na fita tun da safe. Ranar Asabar ganguna da ihun filin wasa sukan biyo iska har cikin ɗakin, sai ya rufe taga, amma duk da haka yana ji. Ya yi kuka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma ba wanda ya gani balle ya ce sannu.

A wurin gashin ƙashi, aikin da ake ba shi shi ne ya jawo tawul da yatsun ƙafa. Mutumin da a da sai maza uku suke kayar da shi! Wata rana ma'aikaciyar ta tambaye shi, kamar kullum, ko da zafi. Bakinsa ya buɗe zai ce babu. Sai ya tuna gwiwar nan.

"Akwai," ya ce. "Sosai ma."

"Yawwa! Yau ka fara warkewa."

Daga nan ya riƙa bin abin da aka ce, ba ƙari ba ragi. Ya ɗauko littattafan da ya yi watsi da su, ya soma cinye abincin Gwaggo.

Da kaka ta zo ƙarshe, koci ya bugo waya. A wasan gida na ƙarshe akan yi bikin sallamar masu kammala karatu: a kira sunan ɗan wasa a lasifika, ya tako zuwa tsakiyar fili tsakanin iyayensa, ya miƙa wa uwa furanni.

"Ba za ni ba, Gwaggo. In fita da sanduna a gaban dubban mutane?"

"Ba za ka ba?" Ta riƙe ƙugu. "Na sayi sabuwar hula, mai gashin tsuntsu! Na wanke maka kayan ƙwallo tun kana tsawon tebur, yau za a kira sunana a lasifika ka ce ba ka zuwa? Ko a baro ne sai na tura ka!"

Ya je. A bakin fili, kusa da inda tsofaffin 'yan wasan jami'a suke tsayawa a irin wannan rana, abokinsa Jarvis ya matso ya dafa shi.

"Mutumina, kawo sandunan in riƙe maka. Ka jingina da Gwaggo, ba mai ganewa. Hoton nan fa har jikoki za su gani."

Cordell ya dubi filin, ya dubi jama'a. Zuciyarsa ta so, ba ƙarya.

"Bar su, Jarvis. Ƙafar ba ta warke ba. Su gan ni yadda nake."

Aka kira sunansa. Wata ma'aikaciya ta miƙo masa furanni, sai ta tsaya sororo, don hannayensa biyu na kan sanduna. Gwaggo na damansa, hagunsa ba kowa. Sai wani hannu ya karɓi furannin.

"Ni zan riƙe masa."

Mista Boykin ne. Yana tsaye a bayansu tun ɗazu, ya ji komai.

"Yallaɓai..."

"Mu je a hankali, ɗana. Ni ma ba sauri nake iyawa ba."

Haka suka ratsa filin, ɗaya na dogara sanduna, ɗaya na ɗingishi, Gwaggo na share hawaye tana gyara hula. Da suka kai tsakiya tsohon ya juya ya ɗaga hannu wajen 'yan kallo ya yafito. Lanette ta sauko da gudu, sanye da rigar Cordell. Ashe duk Asabar ɗin da yake rufe taga, ita tana can da rigar a jikinta.

Cordell bai sake buga ƙwallo ba. Ya kammala karatu, an ɗaura aure, yanzu yara yake koya wa ƙwallo, kuma yaron da ya faɗi a filinsa ba ya ce masa ya tashi sai ya tambaye shi inda ke ciwo. Samari, ku riƙe wannan: iyayen kirki ba ƙarfinku suke aunawa ba, gaskiyarku suke dubawa, kuma ciwo ba ya warkewa sai an amsa akwai shi, an yi haƙuri da shi.

Lahadin da ta biyo bayan bikin sallamar nan, Cordell ya hau matakalar barandar nan da sandunansa. Mista Boykin da kansa ya karɓe su, ya jingine su a bango inda kowa zai gani, sannan ya jawo masa kujerar dama.